A Bar Zanen Nan a Bango

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina da 'yar magana a kan wani zane.

Wani ɗan ajinmu, wanda gadonsa ke kusa da nawa a ɗakin kwana, ya yi zanen majami'ar ƙauyensu da fentin ruwa. Ginin ƙasa ne da rufin kwano. Ga 'yan Zumuntar Mata sun yi anko, ɗaya tana buga bakin tulu, biyu suna kaɗa caki, wani tsoho ya rungume ganga, yara kuwa sun wage baki suna amshi. Malamin zane ya kafa shi a bango domin ranar iyaye. Sai waɗansu suka ce a cire, wai ba al'adarmu ba ce.

Ni Musulmi ne, ban taɓa shiga majami'a ba, amma ban yarda da su ba.

Da farko, ku dubi wahalar aikin. Fentin ruwa ba ya karɓar gyara. Sai an fara da launi mai haske kafin mai duhu, farin da ke jiki kuma takardar ce aka bari ba a shafa ba. Ga hunturu, kafin ka ɗaga buroshi ya bushe. Sau uku yana yagewa yana sakewa, ina gani.

Sa'an nan, wane abu ne baƙo a ciki? Tulun irin wanda ake sayarwa a kasuwar Kankiya ne. Matan nan Hausawa ne, da Hausa suke waƙar. Tun 1929 aka gina majami'ar Wusasa ta Zariya da tubali irin ginin Hausa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ko kakana ba a haifa ba a lokacin. A Zariyar nan ne kuma, a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo suna ɗalibai suka kafa ƙungiya, suka ce mai zane ya dubi abin gidansu, ya daina kwaikwayon Turawa kawai. Abokina abin gidansu ya zana.

Na san akwai masu ƙyamar zanen mutum saboda addini, kuma ina girmama su. To amma zanen 'yan dambe da na hawan salla suna bangon nan, ba wanda ya ce uffan.

Mahaifiyarsa za ta zo ranar iyaye. Ita ce mai tulun.