Karkashi: Lokaci Ya Yi da Za Mu Riƙa Shuka Shi da Hannunmu

A unguwar Dogo Tebo da ke garin Potiskum, kamar sauran sassan Jihar Yobe, da wuya a sami gidan da ba a kaɗa miyar karkashi. Amma idan aka tambayi magidanci kunya nawa ya ware wa karkashi a gonarsa, yawanci sai ya yi dariya ya ce ai da kansa yake fitowa. A ganina, dogaro da wannan tunani zai iya raba mu da tsiron.

Karkashi, wanda wasu ke kira yauɗo, ɗan'uwan riɗi ne na kusa. Masana tsirrai sun daɗe suna kiran sa Ceratotheca sesamoides, sunan da ke nuni da ƙananan ƙahonin da ke bakin kwanson 'ya'yansa. Tsiro ne na damina ɗaya, tsawonsa kan kai kimanin mita 1, jikinsa da gashi-gashi, furensa kuma kamar na riɗi, sai dai launinsa ruwan hoda ne mai sirkin shunayya. Yana son ƙasa mai rairayi, yana kuma jure zafi da ƙarancin ruwa, abin da ya dace da yankinmu inda damina ba ta cika wuce wata 4 ba.

Amfaninsa bai tsaya ga miya ba. Mata kan jiƙa ganyen su wanke gashi da yauƙinsa, kuma irin wannan ganye ne ake fitarwa daga ƙasar Chadi da sunan ambunu ana sayarwa har Turai da Amurka. Dabbobi na cin sa, ƙwayarsa kuma tana da mai. Busasshen garinsa yana rufa wa uwargida asiri da rani, lokacin da ɗanyen ganye ya yi tsada.

Matsalar ita ce tsiron da ke fitowa da kansa sai uwarsa ta zubar da iri a bara. A yanzu manoma da yawa sun rungumi maganin feshi na kashe ciyawa, shi kuwa magani ba ya bambanta karkashi da ciyawa. Bugu da ƙari, gonakin da ake bari su huta sun ragu, gine-gine kuma suna cin filayen bayan gari. Idan aka fesa wa gona magani shekara bayan shekara, irin da ke kwance a ƙasa zai ƙare, kuma mata da yara masu tsinka su sayar su ne za su fara ji a jikinsu.

Wasu za su ce ɓata ƙasa ne a shuka abin da Allah ke bayarwa kyauta. Sai dai akwai darasi a ƙasar Faransa: furen bayolet, wanda danginsa ke tsirowa a daji, manoman kewayen birnin Tulus sun mai da shi amfanin gona tun ƙarni na 19, har aka san birnin da turare da alewar da ake yi da shi.

Noman karkashi ba shi da wuya. A tara iri daga tsirrai masu faɗin ganye kafin kwanson ya tsage. Da damina ta zauna, a cuɗa irin da yashi saboda ƙanƙantarsa, a shuka sama-sama a gefen gero ko kuɓewa, a wurin da feshi ba zai kai ba. A rage cunkoso bayan ya fito. Bayan kimanin mako 6 ana iya fara tsinkar kan tsiron, wanda ke sa shi yin rassa da ƙarin ganye. A shanya ganyen a inuwa kan tabarma mai tsabta domin ya riƙe launinsa, a kuma bar wasu tsirrai su yi 'ya'ya saboda baɗi.

Kira na ga malaman gona shi ne su sanya karkashi cikin abin da suke tattaunawa da manoma, musamman ƙungiyoyin mata, su kuma taimaka wajen adana iri mai kyau. Manomi kuwa ya fara da kunya 2 ko 3 a daminar bana.