Wane Ne Ke Naɗa Sarkin Finafinai?

Jama'a, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a duk inda 'yan Arewa suka taru da maraice, ko a Agege, ko a Sabo ta Badun, ko a bakin kasuwar Anaca, watau gardamar wane fim ne ya fi kowane tun da aka fara sinima. Tsofaffin da suka san Pen Cinema ta Agege kafin ta zama tarihi ba su yarda wani ya kai Sholay na 1975 ba, kuma har gobe suna kwaikwayon muryar Gabbar Singh. Waɗansu kuwa sun tsaya kan Bruce Lee da Enter the Dragon na 1973. Malamai, in sun yarda su sa baki, sai su ambaci The Message na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1976. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Kada mu zaci mu kaɗai ne ke wannan musu. A Ingila akwai wata mujalla, Sight and Sound, wadda tun 1952 take tambayar masana sinima zaɓinsu sau ɗaya a kowace shekara goma. A karon farko Bicycle Thieves na Italiya ya zo na ɗaya. Daga 1962 har 2002 Citizen Kane na Amurka ya riƙe sarautar, a 2012 Vertigo ya tuɓe shi. Sa'an nan a 2022, da aka faɗaɗa masu jefa ƙuri'a suka haura 1,600, sai ga wani fim na Beljiyam, Jeanne Dielman, na wata mace mai suna Chantal Akerman, ya hau kan gaba. Fim ne na fiye da awa uku, galibinsa wata bazawara ce tana girki da gyaran gida. Finafinan nan ba su sake ba ko da ƙwayar hoto ɗaya. Masu zaɓen ne suka sake. Ashe naɗin sarkin finafinai ma, kamar kowane zaɓe, ya dogara ga wanda aka ba kati.

To, ni ma ga ƙuri'ata, kuma ba zan ɓoye cewa zaɓin ɗan ci-rani ne ba.

Na yarda da alƙalan 1952. Bicycle Thieves, wanda Vittorio De Sica ya shirya a 1948, labarin wani talaka ne a birnin Rum da ya sami aikin liƙa takardun talla, da sharaɗin sai yana da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso keken, aka sace shi a ranar farko ta aiki. Ya yi ta yawon nema da ƙaramin ɗansa, har wahala ta sa shi da kansa ya kai hannu ga keken wani, aka kama shi a gaban yaron. Duk ɗan acaɓan da aka ƙwace wa babur a Ikko bayan hanin 2022 ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimci wannan fim.

Mother India na 1957 kuwa ba sai na tsaya yabonsa ba. Iyayenmu sun san Nargis da garmarta da mai ba da bashi da ruwa, sun kuma san irinsa a ƙauyukanmu.

Amma wanda na ɗora bisa duka shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na san za a ce son kai ne. Ban ce ya fi na Amurka kayan aiki ba, kuma gaskiya yana da jan jiki, wanda ya saba da faɗa da raye-raye zai ƙosa. Abin da na duba shi ne, yaro ne aka raba da garinsu, aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe, ya zama malami. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa cikin bauta, ba ta gan shi ba sai da ajali ya matso. Wane ne a cikinmu, mu da muka baro gida shekara da shekaru, bai bar wata tsohuwa tana jiran labarinsa ba? Ga shi kuma da Hausa tsantsa, irin wadda 'ya'yanmu da aka haifa a Kudu suka fara jin ta baƙuwa.

Abin takaicin shi ne, fim ɗin nan ya yi shekaru da dama ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara su da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018. Watau mutanen Jamus sun zauna sun kalli Shaihu Umar, alhali samarinmu da yawa ba su san an taɓa yin sa ba. Finafinan Senegal biyu, Touki Bouki da Black Girl, sun shiga jerin ɗari na 2022, kuma ba a banza ba, domin an adana su, an gyara, an zagaya duniya da su. Ba wanda zai jefa wa fim ƙuri'a bai gan shi ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da abin nunawa, don Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin Wagadugu a 1972.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na biranen Kudu da shugabannin ƙungiyoyinmu na fatake da direbobi da su rubuta wa Hukumar Finafinai a Jos, su nemi a kawo Shaihu Umar a nuna shi a fili, kamar yadda ake majigi a da, a Agege da Idi Araba da Sabo da Fatakwal. Kuɗin farin ƙyalle da janareta bai kai abin da ake kashewa a biki ɗaya ba. Wakilanmu na majalisa kuma su tambayi inda Kulɓa Na Ɓarna da Ƙasarmu Ce suke, da halin da faya-fayansu ke ciki.