Kokawar Da Ke Cikin Karate

A can gabashin duniya, kudu da ƙasar Japan, akwai wani tsibiri wanda a ke kira Okinawa. Dā yana da sarkinsa na kansa, sai cikin 1879 Japanawa suka haɗa shi da ƙasarsu. Wannan tsibiri shi ne mahaifar karate, watau dabarar kare kai da hannu da ƙafa, ba tare da makami ba.

In aka tambayi yaro yau mene ne karate, sai ya ce naushi ne da shuri, don abin da ya saba gani ke nan a majigi. Amsarsa rabi ce. Mutanen dā na Okinawa sun san naushi ƙwarai, amma kuma sun san kamu, da murɗe gaɓa, da kā da mutum ƙasa. Ya kamata masu koyar da karate su komo da wannan rabin da aka yar.

Yaran Okinawa suna da kokawarsu ta gargajiya mai suna tegumi. Wani mashahurin malamin karate, Gichin Funakoshi, wanda aka haifa cikin 1868, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya yi ta da abokansa tun yana ƙarami. Sukan fara da ture juna, sa'an nan a sarƙe, a yi ta fama har ɗaya ya sallama. Ashe ke nan yaro kan zo wurin malamin karate da kokawarsa a hannu, malami ya ɗora masa naushi a bisanta.

Shaida tana nan har yanzu cikin abin da su ke kira kata, watau jerin motsi wanda mutum ke yi shi kaɗai, kamar yana faɗa da wanda ba a gani. Duk wanda ya lura zai ga in mai karate ya kai naushi da dama, sai ya janye hagu zuwa ƙugunsa. Me ya kai hannu ƙugu, ga fuska a buɗe? Funakoshi ya bayyana dalili. Wannan hannu yana cafke hannun abokin gaba ne, ya murɗa, ya fizgo shi, don ya rasa inda zai tsaya naushi ya same shi. Yaron da ba a gaya wa haka ba, zai shekara goma yana jawo iska.

Cikin 1935 Funakoshi ya buga wani littafi mai suna Karate-do Kyohan, ya sa hanyoyi tara na kā da mutum a ciki, da hotunansu. Sunayensu ma abin sha'awa ne: akwai juyin katantanwa, da zoben wuya, da juyin tsattsewa, da guduma a kife. Wani malami kuma, Kenwa Mabuni, ya koka cikin 1938 cewa karaten da aka kai birnin Tokiyo gutsure ne kawai, har mutane suna tsammani babu kaye a cikinsa.

To, yaya aka yi abin ya ɓace? Da fari dai, wajen 1901 Anko Itosu ya shigar da karate makarantun Okinawa. Malami ɗaya ga yara masu yawa, ya fi sauƙi a jera su sahu sahu su yi ta naushin iska tare, da a bar su biyu biyu suna murɗe wa juna hannu. Ba a ga laifin Itosu ba, gama ba domin shi ba da wuya karate ya fita daga bayan gidajen dattawa. Shi da kansa ma ya ambaci dabarun kamu cikin wata takarda da ya rubuta a 1908. Bayan haka, sa'ad da Funakoshi ya tafi Tokiyo cikin 1922, ya tarad da judo, kokawar da Jigoro Kano ya kafa tun 1882, ta riga ta kama ƙasa. Baƙon da ya zo kasuwa yakan kasa abin da babu ne, saboda haka aka fi nuna naushi da shuri. Da aka soma babbar gasa ta Japan duka cikin 1957, sai ɗalibai suka duƙufa kan abin da ke kawo maki.

Amma mugu ba ya tsayawa nesa ya jira alƙalin wasa ya ba da izini. Yakan ci kwalar mutum ne, ko ya shaƙe shi, ko ya rungumo shi ta baya. A nan shuri mai tsawo ba shi da wuri. Har wa yau, ba kowane mai tā da hankali ne ya cancanci a fasa masa baki ba. Wani maye ne ya ɗebe shi, wani ɗan'uwa ne fushi ya rufe masa ido. Wanda ya iya kamu sai ya riƙe shi ya zaunar, har hankalinsa ya komo. Wanda bai san kome ba sai naushi, ko ya ji masa ciwo ko ya gudu.

Waɗansu suna cewa kaye yana da haɗari ga yara. Gaskiyarsu, kuma bai kamata yaro ya gwada shi kan ƙanensa a tsakar gida ba. Sai dai masu judo sun daɗe da samun magani: kafin a koya wa yaro kā da wani, sai a koya masa faɗuwa tukuna, ya kafe haɓa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugu, ya doki katifa da hannu ya rage ƙarfin faɗuwar. A yi shi bisa katifa ko yashi, gaban malami, a fara da zame hannu daga riƙo, sa'an nan taɗiya. Irin su guduma a kife kuwa, inda a ke juya mutum kansa ƙasa, sai a bar wa manya waɗanda suka ƙware.