Huɗubarmu ta tsaya a kan kodin, kasuwar ƙwaya ta wuce gaba



A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta gudanar da bincike kan shaye-shaye a Najeriya. Sakamakon ya nuna mutum miliyan 14.3 tsakanin shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Arewa maso Yamma, inda Kebbi take, tana da kimanin miliyan 3. Mu masu hawa mumbari mun riƙe waɗannan alƙaluma muna ta maimaitawa har yau, alhali dillalai sun sauya kaya tun da daɗewa.

A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC. A shekarar nan kuma Indiya ta tsananta dokar fitar da tramadol. Shin shaye-shaye ya tsaya? A farkon 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo ƙwayoyin da aka haɗa tapentadol da carisoprodol, ana turo su Afirka ta Yamma da sababbin sunaye. Limamin da ke tsine wa kwalbar kodin kaɗai yana jifan inda tsuntsu ya riga ya tashi.

Akwai tsarin sa ido, ba a ce babu ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana bayyana abin da ta kama. Akwai kuma NENDU, da ke tattara bayanai daga cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye, da takwararta WENDU a ƙarƙashin ECOWAS. Sai dai kamu yana nuna abin da ya faɗa hannun jami'ai ne kawai, bayanan asibiti kuma suna ƙirga wanda ya isa asibiti. Saurayin Ribah ko Dirin Daji da ke haɗiyar ƙwaya don ya jure ƙwadagon gona, yaushe za a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kware a Sakkwato? Matar da ke cikin gida, wa zai rubuta ta? Ga ƙasar Zuru da ƙananan hukumominta huɗu, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, ta yi iyaka da Neja da Zamfara, dazukanta kuma sun sha fama da 'yan bindiga, waɗanda ƙwaya ke cikin guzurin da ake kai musu.

Ra'ayina shi ne masarauta ta zaunar da limamai da shugabannin coci, tunda Zuru gida ne na Musulmi da Kirista, tare da ma'aikatan lafiya, masu kemis da shugabannin 'yan acaɓa, duk bayan wata uku. A rubuta abu kaɗan: wace ƙwaya ce ta shigo, nawa ake sayar da ita, a wace kasuwa ta fara bayyana, 'yan shekara nawa ke sha. Farashi ma labari ne, domin idan ƙwaya ta yi araha kwatsam, wata sabuwar hanya ce ta buɗe.

Na san wasu malamai za su ce wannan tajassusi ne, wanda Suratul Hujurati ta hana, kuma an umurce mu da suturta Musulmi. Maganarsu tana da nauyi, shi ya sa sharaɗin farko shi ne kada sunan mai sha ya shiga takarda. Abin da aka hana shi ne bin diddigin aibin mutum don a tona masa asiri. Sanin irin gubar da ke yawo a kasuwa kuwa aikin hisba ne, kuma kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don karewa. Malamanmu na Malikiyya ba su yi hukunci da ka ba. Imam Al-Ƙarafi a cikin Al-Furuƙ ya rarrabe mai sa maye da mai ɓata hankali da mai sa barci, ya duba yadda kowanne ke aiki a jikin mai sha kafin ya faɗi hukuncinsa. Shi ya san wiwin zamaninsa. Da yawanmu ba za mu iya bambance ƙwayar da likita ya rubuta da wadda ake sayarwa a tasha ba.

Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru za ta iya adana bayanan, kwafi ya tafi ofishin NDLEA na jiha a Birnin Kebbi, wani kuma ya dawo hannun limamai kafin Juma'a.