Irin Wake Mai Kyau: A Gonar Wa, Kuma A Wane Wata?

Duk kaka a Rimin Gado gardamar ba ta sauyawa. Wanda wakensa ya yi kyau ya ce irinsa ne, wanda nasa ya ƙi ya ce ƙasa ce ta gaji. Ni a ganina kowanne rabin magana ya riƙe, kuma rabin maganar nan na cinye mana kuɗi.

Mu ɗauki kanannado, farin waken nan mai manyan ƙwayoyi da muke sakawa a ƙarƙashin gero da dawa. Da damina yaɗo yake yi har ya rufe kunya, ba ya gaggawar fure sai wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A gonarmu ta gado ko an riga maƙwabci shuka da mako biyu, kusan tare ake ganin fure. Dalili kuwa, kanannado tsawon yini yake bi, sai dare ya fara tsawo yake fure. To ɗebi ƙwayar daga buhu guda ka kai ta fadama da rani, lokacin da yini ya gajarta. Za ta tsugune wuri ɗaya, ba yaɗo, ba harawar kirki. Masana a tashar binciken noma ta IITA da ke Kano, ciki har da B. B. Singh da Mohammad Ishiyaku, sun bi diddigin wannan, suka gano cewa halin yana cikin ƙwayoyin gadon waken, amma tsawon yini ne ke fito da shi. Kuma fa bambancin yinin Yuni da na Disamba a Kano bai kai awa biyu ba!

Kada wani ya ce ashe iri ba komai ba ne. Je ka gonar da wuta-wuta ta kama. Ruwa ɗaya, taki ɗaya, amma kunyar waken gida ta yi rawaya ta ƙanƙance, ta SAMPEA 10 na tsaye kore shar. Wannan iri da aka saki a 2008 ya gaji juriyarsa ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da masana ke kira B301. Nan gado ne ya yi aiki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai shi kansa B301, da aka gwada shi a Zakpota ta Jamhuriyar Benin, wuta-wutar can ta kama shi, domin ita ma iri-iri ce.

Shi ya sa nake jin haushi idan aka zo da mota ana rabon "ingantaccen iri", a ɗauki hoto, a tafi. Ingantacce a ina? A gonar gwaji ta Minjibir ko ta Samaru, inda ake shuka wake zalla, ana feshi a kan kari? Mu nan gonaki ƙanana ne, manne da juna, ba a barin su su huta, kuma wake a inuwar dawa yake rayuwa. Irin da ke nuna cikin kwana 70 na iya cika buhu idan ya samu fili da magani, amma ya bar tumaki da yunwa, don ba ya ba da harawa kamar kanannado. Mai kiwo kuwa ya san kuɗin damin harawa a watan Afrilu. Manomi ya gwada sau ɗaya, ya ga ba haka ba, sai ya yanke hukunci cewa irin bature yaudara ce. Wani kuma ya watsar da irin kakanninsa gaba ɗaya, wanda ya fi ɓata mini rai, domin daga irin waɗannan tsofaffin wake masana ke tsamo halayen da suke haɗa sabo da su.

Roƙona ga hukumar bunƙasa noma ta KNARDA da Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, wadda ke kan titin Gwarzon nan da muke bi kullum: a kafa gonakin gwaji a ƙauyukanmu, a jigawa da fadama, cikin dawa kamar yadda muke noma. Kowane ƙunshin iri a rubuta masa da Hausa watan shuka, irin ƙasar da yake so, da ko yana ba da harawa.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, bana idan an ba ka sabon iri, ware masa kunya biyar kusa da naka na gida, ka shuka su rana ɗaya, ka auna ƙwaya da harawa kafin ka yanke hukunci.