Rigar Mai Babur: Ruwa a Waje, Gumi a Ciki

Wata rana cikin watan Agusta wani ɗalibina ya shigo ɗakin gwaje-gwaje a makare, taguwarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Abin mamaki, a kan babur ya zo sanye da rigar ruwa ta roba wadda ko ɗigo bai ratsa ba. Ruwan da ya jiƙa shi daga jikinsa ya fito. Tun ranar nake ganin kuskure ne mai saye ya tsaya ga tambaya guda, wato ko rigar tana tare ruwa.

Zafin cikin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne wajen digiri 37. Idan ya nemi wuce haka, sai fata ta fid da gumi. Amma ku lura, 'yan makaranta, gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe ya tashi a matsayin tururi, domin da tururin ne zafi yake tafiya. Roba kuwa takan toshe wannan hanya ɗungum, gumi ya taru a ciki, mutum ya yi ta dahuwa. Matsalar tsohuwa ce. A 1823 Charles Macintosh na ƙasar Sikotland ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin ƙyallaye biyu, rigunan suka tare ruwa sarai, amma masu sawa suka yi ta kukan wari da gumi.

Tsirrai sun riga mu warware wannan. Ku zuba ruwa a ganyen gwaza, za ku ga ya dunƙule ya gangare, alhali ganyen yana fid da tururi ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Kwatankwacin haka Bob Gore ya samo a Amurka a 1969, sa'ad da ya fizgi wani nau'in roba mai zafi ya miƙe ya zama shimfiɗa mai huje-huje ƙanana ainun. Ɗigon ruwa ya fi ƙarfin hujin, tururi kuwa yana wucewa. Ita ce ake kira Gore-Tex.

To, sai dai a nan nake saɓa wa 'yan talla. Tururi yana tafiya ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. A ƙasa mai sanyi bambancin babba ne, rigar ta yi aikinta. A daminarmu kuwa iskar waje ma ɗumi gare ta, ga ta cike da laima, saboda haka gumi ba ya saurin fita ko nawa aka sayi rigar.

Kada a ce gara a haƙura da jiƙewa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen ninki 25, gudun babur kuma ya ƙara masa ƙarfi. Yatsun da suka sandare ba sa saurin kama birki. Sannan ga kwalta: rigar leda takan yage nan take idan an faɗi, fata ta karɓi sauran.

Don haka shawarata riga biyu ce. Ta farko mai kauri, ta fata ko ta zaren nailan mai ƙarfi, da matashi a kafaɗa da gwiwar hannu, da kafofin shan iska. A Turai akwai ƙa'idar gwaji mai lamba EN 17092 ta 2020, wadda ke yi wa irin waɗannan riguna alamar A, AA ko AAA. Idan kun ga wannan a jikin kayan gwanjo, to kun yi tsintuwa. Ta biyu 'yar shara-shara mai tare ruwa, a naɗe ta a ajiye, a ɗora sama idan hadari ya taso, a tuɓe da zarar an ɗauke.

Wajen saye, ku juya rigar ruwan bai-bai. Allura tana barin huji, don haka kowane ɗinki ya kamata a ga an like bayansa da tsiri. Zif ya kasance da marufi. A guji baƙa, domin direban mota ba ya hango ta cikin ruwa. Daga nan ku sa ta, ku zauna a kan benci, ku miƙa hannu biyu kamar kun riƙe kan babur. Idan hannun rigar ya janye ya bar wuyan hannu a waje, ko bayanta ya ɗage ya bar ƙugu, ku mayar wa mai ita.