Ɗan dambe mai shekara talatin bai tsufa ba



A fadojin Yamai, in ana shan shayi hira ta faɗo kan dambe ko kokowa, akwai maganar da ba a rasawa: "Ai wane ya tsufa, ya kamata ya aje." Sau da yawa wanda ake cewa ya tsufan ko talatin bai cika ba. Mu kanmu mun sha faɗin haka a rediyo. Yau muna so mu janye wannan magana.

Ku duba damben boksin na duniya. Muhammad Ali ya zama zakaran masu nauyi a 1964 yana da shekara 22. Mike Tyson ya ɗauki kambun a 1986 yana da 20. To amma a watan Mayun 2024, a birnin Riyad, Oleksandr Usyk ɗan Yukiren ya doke Tyson Fury, ya haɗe dukan kambunan masu nauyi yana da shekara 37. A Satumban 2025 kuma Terence Crawford na Amurka ya doke Canelo Alvarez, saura masa sati biyu ya cika 38.

Mi ya canza? Abu na farko, yawan dukan da jiki ke sha ya ragu. Sugar Ray Robinson ya yi dambe wajen 200 a sana'arsa. Usyk kuwa, karawarsa ta farko da Fury ita ce ta 22. Manyan yanzu sau ɗaya ko biyu suke hawa dandali a shekara, don kuɗin dambe guda ya ishe su hutawa. Bayan mutuwar Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu a 1982, an rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Ga likita, ga mai tsara abinci, ga tiyatar da ke gyara kafaɗa ko hannu, raunin da a da shi ke nan, sana'a ta ƙare.

Abu na biyu, ba su yin gaggawa. Sai da Usyk ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Landan a 2012 kafin ya shiga damben kuɗi yana da 26. Gaskiya ne sauri na raguwa da shekaru, amma wayo ƙaruwa yake: sanin tazara, tattalin numfashi, karanta abokin karawa tun bai kai naushi ba. Wanda ya kai 35 jikinsa bai farfashe ba, ya haɗa ƙarfi da wayo, da wuya yaro ya kada shi.

Ba ma sai mun je nesa ba. Marigayi Issaka Daboré, wanda aka haifa a 1940, ya je Olamfik na Tokiyo a 1964, ya je na Meziko a 1968, ya dawo ba lamba. Da ya saurari irin hirarmu ta fada, da nan ya tsaya. Sai a 1972 a Munich ya ciyo tagulla yana da shekara 32, lambar Olamfik ta farko a tarihin Nijar. Shekara 44 muka jira kafin Abdoul Razak Alfaga ya kawo ta biyu daga Rio a 2016, a wasan tekwando.

Yau Daboré nawa muke asara? Yaro ya fara fice, ya kai 25, ga aure, ga haya, ga iyaye. Da rana kabu-kabu ko kasuwa, da marece atisaye da cikin da bai ƙoshi ba. Hannu ya kumbura, a ɗaure da tsumma a koma fili, don in bai yi wasa ba, ba cefane. Kafin wayon ya zo jikin ya ƙare, sai mu ce tsufa ne. Wallahi wahala ce.

Kar a yi mana gurguwar fahimta. Ba mu ce kowa ya yi ta shan naushi har furfura ba. Duk wanda ya ga yadda Ali ya sha kashi a hannun Larry Holmes a 1980, yana da 38, ya san akwai ranar tsayawa. Amma likita ya kamata ya faɗi ranar bayan ya duba kai da idanu, ba ƴan kallo ba.

Don haka ga roƙonmu. Kowane ɗan dambe da ɗan kokowa ya samu littafin lafiyarsa, a kuma tilasta hutu ga duk wanda ya suma a fili. Masu hannu da shuni da ke ruwan kyauta ranar ƙarshe ta gasar takobin ƙasa, su tuna da sauran watannin shekara: buhun shinkafa, kuɗin asibiti da ɗan aikin yi sun fi ihun yini guda amfani. Mu kuma ƴan kallo, in ɗan wasa mai shekara 30 ya faɗi, mu daina yi masa ihun "tsoho". Wataƙila shekara biyu ta rage ya kawo mana lamba.

A unguwarku, wane gwani kuka sani da ya aje tun lokacinsa bai yi ba, kuma mi ya sa shi ajewa? Muna saurarenku.